Sanwic ba nama: me kuke sakawa a cikin biredin?

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan gida, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah shawara nake nema. Likita ya ce ma Baban Hanifa ya rage jan nama saboda jininsa da ke hawa, ga shi dama naman ma yanzu sai a hankali. Toh shi mutum ne da ba ya karyawa a gida, bakwai saura ya fice, sai dai in haɗa mai sanwic ya tafi da shi wurin aiki, yaran ma shi nake saka musu a kula. Da can da niƙaƙƙen nama nake yi ko ragowar kazar dare. Yanzu sati biyu kenan kullum sadin da ƙwai, sadin da ƙwai, har jiya Hanifa ta ce min wai Mama mu maguna ne? Abin da ya fi ba ni haushi ma kafin a tashi tara biredin ya jiƙe ya caɓe, haka suke dawo min da shi ko gutsira ba su yi ba. Ku me kuke sakawa in ba nama? Kifi ne, wake ne, ganye ne duk ina so, amma dai abin da zan samu a Kasuwar Bacci ko Kawo, ba wanda sai na shiga kantin masu kuɗi ba.

Dan_Kawo:
Wa alaikumussalam. Hajiya sanwic ba nama ai biredi ne kawai ya ci kwalliya. Ki sai mai kaza a wuce wurin, likita jan nama ya ce.

Maman_Hanifa:
Dan_Kawo kai za ka riƙa aiko min da kazar kullum? In haka ne bismillah.

Yar_Rigasa:
Hhhh Anti rabu da shi. Ni awara ce ta rufa min asiri. Amma ba soyayyar da ake sayarwa a bakin titi ba, ɗanya za ki nema, in kin yi ma mai yi magana tun dare da safe za ta ajiye miki guda. Ki yanka ta fale-fale kamar kaurin ɗan yatsa, ki jera a kan tsumma mai tsafta ki rufe ki ɗora faranti da tukunya a kai ta tsane kamar minti 15. Sai ki shafa mata man gyaɗa ki barbaɗe ta da yajin tsire, wato garin ƙuli da citta da barkono da masoro da ɗan kanumfari, ki gasa a kasko wuta kaɗan-kaɗan har gefen ya yi ja, kar ki tsoma ta a mai. Ki jera a biredi da albasa da kabeji. Wlh maigidana sai da ya cinye ya ce wai wane mai tsire ne wannan naman nasa da laushi haka.

Ummu_Sudais:
Maman Hanifa kafin a je ga me za a saka, bari mu fara da caɓewar, don ko naman rago kika saka in ya caɓe ba mai ci. Tambaya uku zan miki. Kina tsiyaye man sadin ɗin? Kina saka tumatir da ruwansa? Kuma da zafinsa kike ƙulle shi a leda?

Maman_Hanifa:
Ummu Sudais kamar kina kicin ɗina. Duka ukun ina yi. Man ma ganin asara nake yi in zubar shi ya sa nake murje shi tare da kifin.

Ummu_Sudais:
Toh kin gani. Ba zubarwa za ki yi ba, ki tsiyaye shi a kasko ki soya albasa da attaruhu da shi, ko ki ajiye ki soya ƙwai. Tumatir kuma ki tsaga ki kwashe 'ya'yan da ruwan nan na ciki, naman kawai za ki yanka, in ma na yara ne ni ba na sakawa sam, karas na goga musu. Sannan ki shafa bota a fuskar biredin duka biyu har gefe-gefe, ba don daɗi kawai ba, maiƙon ne ke hana ruwa ratsa biredin. In kina da latas ki wanke ki bari ya bushe sosai ki shimfiɗa shi ƙasa da sama kifin na tsakiya. Babban laifin kuma shi ne ledar nan. Abu ya fito daga tosta yana tururi kin ƙulle shi, tururin ina za shi? Cikin biredin zai koma. Ki bari ya huce a kan abin da iska ke shiga ta ƙasa, ko rariya ce ki kifa, sannan ki naɗe a takarda ko tishu mai kauri kafin ki sa a roba.

Baban_Zara:
Ina biye da ku daga gefe ina kwafa, zan kai rahoto gida.

Hajiya_Malali:
Abin da Ummu Sudais ta faɗa haka yake, sai dai ta manta biredin kansa. Biredin nan mai zaƙi mai laushi kamar auduga na shan shayi ne, bai dace da kifi ba, ga zaƙi ga ƙarni abin sai ya hau ma mutum kai. Ki nemi mai ɗan nauyi wanda sukarinsa bai yi yawa ba, kuma wanda ya kwana ɗaya ya fi na yau riƙe kaya. Ni tun da aka fara ɗauke wuta da asuba na jingine tosta, kasko nake ɗorawa a gas in sa sanwic ɗin in danne da murfin tukunya in ɗora dutsen niƙan yaji a kai, minti biyu in juya. Ya fi na tosta ma ƙamshi.

Dan_Kawo:
Dutsen niƙa a kan biredi, Allah ya ba ku haƙuri mutanen Malali.

Bakano_a_Kaduna:
Ku Zagezagi da maƙwabtanku kullum sai kun wahalar da kanku. Wai sanwic ba nama, mu ai tun kaka da kakanni muke ci a Kano sunansa bandashe. Gurasa a yayyafa mata ruwan ɗumi ta yi laushi, a zuba garin ƙuli da man gyaɗa da yaji da albasa da tumatir da kabeji. In kina so ya tafi da ita ofis kar ki yayyafa ruwan, ki tsaga gurasar ta gefe ta zama kamar aljihu ki cusa kayan a ciki. Gurasa ba ta caɓewa irin na biredi don ta fi shi jiki. Matsalar kawai gurasarku ta nan ba ta kama ƙafar ta Jakara ba.

Zazzau_Gidan_Ilimi:
Bakano ana maganar abinci ka shigo da tallar gurasa. Ka faɗi gaskiya nawa ake ba ka a kan kowane kwando.

Sista_Rahila:
Maman Hanifa ni ta ɓangaren aikina zan yi magana, ki yi haƙuri in na ɗan tsawaita. Kin ce hawan jini ne da shi. In haka ne ba naman kaɗai ne abin dubawa ba, gishiri ma yana gaba-gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kar ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma lissafin har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Biredi da gishiri a cikinsa, kifin gwangwani da gishiri, bota da mayonis da gishiri, ga dunƙule kin murmusa a kai, ga yajin tsiren da Yar Rigasa ta ce in na saye ne shi ma cike yake da dunƙule. Kin ga an gudu ba a tsira ba. Sadin kifi ne mai kyau, man jikinsa na da amfani ga zuciya, amma na gwangwani kullum ga mai hawan jini ban ba da shawara ba. Ki sayi ɗanyen kifi ki dafa da kanki ki san abin da kika zuba, ki ƙara lemun tsami da tafarnuwa da citta, su ne ke sa ba a jin ƙarancin gishirin. Na yara daban, su ba laifi.

Yar_Rigasa:
Gaskiya ne Sista, ni da kaina nake daka yajina shi ya sa ban kawo wannan ba. Anti ki daka naki kar ki sa dunƙule a nasa.

Maman_Hanifa:
Sista Rahila Allah ya saka da alheri, wlh ni duk tunanina a kan naman yake. Toh wane kifi zan saya? Ina tsoron ƙaya saboda ƙaramin.

Anti_Ladi_Barnawa:
Maman Hanifa zo nan ki ji, mu da muke kwana 40 na azuminmu kafin Ista, kuma Juma'o'in cikinsa ba a cin nama a gidanmu, mun daɗe da gogewa a wannan. Kifin ƙanƙara Titus shi ne na sanwic, tsokarsa da yawa ƙayarsa manya kina gani kina zarewa. Kote ma yana yi sai dai ya fi bushewa. Shawa kar ki soma, ƙayarsa kamar gashi. Yadda nake yi, in wanke shi da lemun tsami, in sa a tukunya da albasa da citta da tafarnuwa da ruwa ɗan kaɗan ya turara minti 10 zuwa 12, in sauke ya huce, in ɓare fatar in zare ƙayar tsakiya, sannan in bi tsokar da yatsuna ina murzawa a faranti mai faɗi a wurin haske. Da hannu fa, ba da cokali ba, yatsa ne ke jin ƙaya. Daga nan in mayar kasko da albasa da koren tattasai da ɗan kori in juya har ruwan ya ƙone ya yi washar-washar. Kifi biyu manya na isar mu kwana uku in akwai wuta a firij. Da safe ɗiba kawai zan yi in ɗumama.

Mai_Kifi_Kakuri:
Anti Ladi ta gama magana. Ƙarin da zan yi, ku daina raina kifin ruwanmu. Tarwaɗa banda in aka jiƙa ta a ruwan zafi aka wanke aka ɓare, a soya da albasa da ƙwai, ba kifin gwangwanin da zai gaya mata daɗi. Ƙarfasa dai ƙaya gare ta ban ce a ba yara ba. Giwan ruwa kuwa in Allah ya haɗa ki da shi tsoka ce zalla fara tas, a yanka fale-fale a gasa. Ki duba banda da kyau kafin ki saya, ki karya ki leƙa cikin in kin ga gari-gari na zuba ƙwari sun riga ki.

Dan_Kawo:
Tsaya, wai kifi ba nama ba ne? Ni fa a nan kuka ɓatar da ni. Yana da jini yana da tsoka.

Anti_Ladi_Barnawa:
Ɗana in ka je gidan suruki aka ce an yanka maka nama sai aka kawo tarwaɗa, ya za ka ji?

Dan_Kawo:
Na janye.

Hajiya_Kaya_Istanbul:
Maganar Titus ta tuna min. Duk zuwan da nake yi Istanbul saro kaya sai na je bakin ruwa wajen gadar Galata, unguwar da ake ce ma Eminonu, na ci biredi da kifin da suke sayarwa. Ba wani tarkace a ciki, kifi ne dangin Titus ɗin nan an tsaga shi biyu an cire ƙaya an gasa a faffaɗan ƙarfe, a sa a rabin dogon biredi da ɗanyar albasa da latas, kai da kanka za ka matsa lemun tsami ka barbaɗa gishiri. Ba mayonis ba bota. Na gwada a gida ya yi, sirrin kawai kifin ya gasu ta wajen fatar har ta yi ƙamas. Amma na ci-nan-take ne wannan, ban ce a kai ofis ba, sai dai ranar Asabar da yamma a tsakar gida. In ya buɗe shi a ofis har mai gadi sai ya san me aka ci.

Baban_Zara:
Wannan gaskiya ne. Akwai wani a wurin aikinmu da ya buɗe na kifi a ɗaki mai AC, har aka tashi ana mai kallon banza.

Ummu_Sudais:
Ƙarnin yana raguwa sosai in an cire baƙin naman nan da ke kwance a gefen kifin ƙarƙashin fata, a kuma sa lemun tsami bayan an sauke ba tun a wuta ba.

Sista_Rahila:
Bari in ƙara abu ɗaya a kan kifin ƙanƙara tunda zafi ya shigo. Irin su Titus da tuna da sadin in suka narke suka jima a ɗumi, wani sinadari da ake ce ma histamin yakan taru a tsokarsu, kuma dahuwa ko suya ba ta kashe shi. Mutum na ci ba da jimawa ba fuska ta yi ja, jiki na ƙaiƙayi, kai na sarawa, zuciya na bugawa, sai a ce ai kifi ne bai karɓe shi ba alhali kifin ne ya sha rana a tire. Ki sayi wanda yake daskare da ƙarfinsa daga cikin kwali, in kin danna tsokar ta lotsa ba ta dawo ba ko cikin ya fashe ki bar shi. Sai kuma kular yara. Ƙa'idar da muke koyarwa, abinci irin kifi da ƙwai kar ya wuce awa 2 a waje ba sanyi, in zafin gari ya haura digiri 32 ma awa 1 ne. Kin haɗa shida da rabi za a ci goma, ki lissafa. Dabara mai sauƙi ki daskarar da ruwan leda ɗaya ki sa a gefen kular, kafin tara ya narke sun samu na sha. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bakin murfi kuma ko kyauta aka ba ki a'a, wanda kika buɗe ya rage ki juye a roba mai murfi.

Maman_Hanifa:
Innalillahi, ashe Allah ne kawai ke tsare mu. Ruwan ledar nan zan fara gobe in wuta ta zauna.

Ɗalibin_Azhar:
Ni mamaki nake har yanzu ba wanda ya ambaci ƙosai da biredi, ko don ya zama na talaka ne? Shekarun da na yi a Alƙahira abin da ya riƙe mu kenan, ta'amiyya. Ƙosai ne fa ba wani abu ba, sai dai su da ɓararren waken ful suke yi su niƙa da ganyayyaki shi ya sa cikinsa kore ne, mutanen Sham kuma da wani waken daban mai kama da gujiya. Alhazai sun san shi a Makka da Madina. A tsaga biredinsu mai aljihu a zuba da salak da miyar riɗi da suke ce ma ɗahina. Toh mu da muke noma riɗin me ya hana mu? A soya riɗi sama-sama kar ya ƙone, a niƙa da ɗan mai har ya yi laushi, a dama da ruwa da lemun tsami da tafarnuwa. Da farko zai ɗaure kamar ya lalace, ki ci gaba da ƙara ruwa kaɗan-kaɗan zai sake ya yi fari. Ya maye miki gurbin mayonis kuma ke kika san gishirin da ke ciki.

Yar_Rigasa:
Malam ƙosai da biredi ai ba a faɗa don kowa ya sani. Amma ga gyara, in na sanwic ne kar a soya shi dunƙule yana gangarowa daga cikin biredi, a zuba ƙullun a kasko da mai kaɗan a baje shi kamar wainar ƙwai daidai faɗin biredin. Bai shan mai kuma yana zama daram. Alale ma in ta kwana a firij tana yankuwa fale-fale, a ɗan gasa ta a kasko.

Bakano_a_Kaduna:
Kun ga biredi mai aljihun da Ɗalibin Azhar ke faɗa? Gurasa ce ta je karatu waje. Na gaya muku.

Malam_Mai_Tarihi:
Don ƙarin ilimi, sunan sanwic ɗin kansa daga sarautar wani basaraken Ingila aka samo shi, John Montagu, mai riƙe da sarautar Sandwich a ƙarni na 18. Labarin da ake bayarwa wai ba ya son tashi daga teburin caca shi ya sa ya ce a sa mai nama a tsakanin biredi biyu, wasu kuma suka ce a teburin aiki ne.

Dan_Kawo:
Kun ji ko, NAMA ya ce a sa mai. Na dawo da maganata ta farko.

Amaryar_Unguwar_Dosa:
Dan Allah ku bar ni in tambaya kar a yi min dariya. Na ga jatan lande a firizar wani kanti, manya, na ce zan gwada sanwic da shi, sai uwar mijina ta ce wai ƙwaro ne ba a ci. Ya halatta kuwa? Kuma ya ake dafa shi?

Malam_Tudun_Wada:
Amarya ba abin dariya a tambaya. A mazhabar Malikiyya da muke bi a nan abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, kifi ne ko jatan lande ko ƙaguwa. Hujja aya ta 96 a Suratul Ma'ida da ta halatta farautar teku da abincinsa, da hadisin da aka tambayi Annabi SAW game da ruwan teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa kuma halal ne. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, shi jatan landen ma sun yi saɓani a kansa. Amma ki bi Hajiya a hankali, ƙyama daban haramci daban, kar ki je ki ce mata Malam ya ce. In tana cin miyar da aka sa kirefish ai ta riga ta ci ƙanensa.

Anti_Ladi_Barnawa:
Hahaha Malam ka gama da ni. Amarya dahuwarsa ba wuya, saurin dahuwar ma ita ce matsalar. Ki bari ya narke a firij ko cikin ruwan sanyi, ki ɓare, ki tsaga bayan da wuƙa ki zare baƙin zaren nan, hanjinsa ne. Ki tsane shi, bota ko mai a kasko da tafarnuwa da barkono, minti 2 zuwa 3 da ya juya ya yi ruwan hoda ya lanƙwashe ki sauke. In kika ƙara ya zama roba. Ki yayyanka ki haɗa da kabeji da ɗan mayonis da lemun tsami. Amma in wani bai taɓa ci ba ya fara da kaɗan, akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka har kumburi suke yi. Ni kam gaskiya kuɗinsa ya fi daɗinsa, daga Legas ko Fatakwal zuwa nan ya sha hanya, kuma ba ki san sau nawa ya narke ya sake daskarewa ba. Abin da nake yi in ina son ɗanɗanon, in daka kirefish cokali ɗaya in kaɗa a cikin ƙwai da albasa in soya. Yara na so.

Hajiya_Malali:
Mu koma kan Maman Hanifa dai, ita fa ba jatan lande ta tambaya ba. Ga wani mai sauƙi da ba wuta ba hayaƙi. Fiya ɗin nan mai kamar bota in lokacinta ya yi, ki murje ta da lemun tsami don kar ta yi baƙi, ki shafa a maimakon bota, ki jera dafaffen ƙwai da kokwamba. Ga maigidan ya fi bota nesa ba kusa ba. Sai kuma dankalin turawa, ki dafa ki murje da soyayyar albasa da kori da koren wake, ki cusa ki gasa. Yana riƙe ciki har azahar.

Sista_Rahila:
Fiya na yarda. Dankali a cikin biredi kuma sitaci ne a kan sitaci Hajiya, ga yara masu guje-guje ba komai, ga mai zaman ofis a ɗan sassauta.

Gwauron_Kabala:
Ni ba ni da mai haɗa min, don haka ga nawa. Ragowar wake da manja na dare, in ɗumama har ya kafe, in murje da bayan cokali, in tsaga biredi in ɗura, in bi da albasa. Mutanen Legas sun daɗe suna cin wake da biredi ba wanda ya ce musu komai. Ranar da nake jin ƙarfin hali na taɓa sa kwaɗon zogale a ciki. Ba zan ce bai yi daɗi ba, ba kuma zan ce zan sake ba.

Yar_Rigasa:
Kwaɗon ka cika mai ruwa ne. In ka matse zogalen sosai ka sa ƙulin da yawa ya yi ɗauri yana shiga gurasa lafiya lau, na sha yi.

Bakano_a_Kaduna:
Gurasa kuma. Allah na gode maka.

Maman_Hanifa:
Salam, na dawo da rahoto. Jiya na yi ma Baban Hanifa na awara da yajin da na daka da kaina ba dunƙule, na sa kabeji da albasa, na bar shi ya huce a kan rariya na naɗe a takarda kamar yadda Ummu Sudais ta ce. Ya dawo ya ce biredin bai jiƙe ba ko kaɗan, ya cinye, amma wai a gaya ma Yar Rigasa shi ba a yi mai wayo ba ya san awara ce tun cizon farko, kuma gishiri bai ji ba. Na ce umarnin Sista ne. Yaran na yi musu na Titus irin na Anti Ladi, ƙaramin ya cinye har yana lashe takarda, Hanifa kuma ta ci kifin ta dawo min da biredin. Miyar riɗin ce ta ba ni kunya, ta yi ɗaci, ban san inda na kuskure ba.

Ɗalibin_Azhar:
Riɗin ya soyu da yawa ne Hajiya, ko kuma ba a wanke an cire dusar ba. Da ya fara ƙamshi yana tsalle a kasko ake saukewa, kar ki jira ya canza kala.

Ummu_Sudais:
Hanifa dai ki gwada yanka mata shi ƙanana kusurwa uku ki cire gefen, wani lokacin ba ɗanɗanon ba ne girman ne ke ba su tsoro. Nawa ma sai da na yi haka.

Dan_Kawo:
Ko kuma yarinyar nama take so tana jin nauyin faɗa.

Amaryar_Unguwar_Dosa:
Anti Ladi kirefish ɗin da kika ce a kaɗa a ƙwai, sai an soya shi tukun ko haka ɗanye za a daka?